Likita na Amsa Tambayoyinku: Kwaɗayin Zaƙi da Ƙibar Yara

Wata uwa daga wani ƙauye kusa da Ringim: Likita, ɗana shekararsa bakwai. Yana gama cin tuwo ya ƙoshi, amma da ya hango alewa ko biskit a teburin mai shago sai ya ɓarke da kuka kamar bai ci komai ba. Ga shi kullum ƙara ƙiba yake yi. Rashin tarbiyya ne?

Hajiya, ki daina ɗora wa yaron laifi. Hanyoyi biyu ne ke sa ɗan Adam neman abinci. Ta farko yunwa ce ta gaske. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙaramin wuri da ake kira haifotalamas. Idan ciki ya zama wayam yakan aika masa da sinadarin girelin, shi ke cewa "a ci". Kitsen jiki kuma yana aika leftin, wanda aka gano a Amurka a 1994, yana sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya.

Ta biyu ita ce ta ɗanki. Ganin abu mai zaƙi ko maiƙo, ko jin ƙamshinsa, yana sa ƙwaƙwalwa ta saki dofamin, sinadarin da ke tunzura mutum ya nemi abin da ya taɓa yi masa daɗi, ko da cikinsa a cike yake. Shi kuwa ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, mai cewa "ya isa haka", ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara ashirin. Kin ga kenan ba a yi wa ɗan shekara bakwai adalci ba idan aka ce ya riƙe kansa. Wasu yaran ma ƙwaƙwalwarsu ta fi zumuɗi idan sun ga abinci, kuma gado yana da hannu a ciki. Irinsu sun fi saurin tara ƙiba.

Gyaran a gida yake. Kada ki riƙa lallashinsa da alewa in ya yi kuka, domin koya wa ƙwaƙwalwarsa kike yi cewa kuka ne ke kawo zaƙi. Maimakon kuɗin tara, ki ɗaure masa dafaffen ƙwai ko gyaɗa ko gwaiba. Ya zauna ya ci tuwonsa a nutse tare da 'yan uwansa, don saƙon ƙoshi yakan ɗauki kusan minti ashirin kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Kuma don Allah a hana yayyensa tsokanarsa da "tulu" ko "ƙato". Na sha ganin yaran da gori ya sa suka koma ci a ɓoye.

Wata kaka daga Dambatta: Jikana ɗan shekara biyu, bayan yaye ƙafafunsa da kumatunsa sun ciko, maƙwabta na ta yaba ƙibarsa. Amma ba ya wasa, ba ya son abinci.

Inna, wannan ya tayar min da hankali. Ki danna babban yatsanki a bayan ƙafarsa, ki ƙirga uku, ki ɗaga. Idan wurin ya lotsa bai taso nan take ba, a ƙafafun biyu, to kumburi ne, kuma sau da yawa tamowa ce ke kawo shi. Ki kai shi asibiti mafi kusa yau ɗin nan. Kada kuma kowa ya ba shi maganin ƙiba na kemis, irin su "sha ka fashe". Wasunsu na ɗauke da deksametason, mai kumbura fuska, ya ɗaga suga da hawan jini, ya raunana garkuwar jiki.

Wani malamin firamare daga Gaya: Ɗalibaina na son lemon kwalba fiye da fura. Illarsa ta kai yadda ake faɗa?

Ta kai, Malam. Kwalba ɗaya mai santilita 35 tana da suga kusan ƙaramin cokali tara. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da abincin yini ke bayarwa, kuma kwalba guda ta kusa cinye rabon ƙaramin yaro. Ga shi ruwan zaƙi ba ya ƙosar da ciki kamar abin da aka tauna, yaro zai sha ya kuma ci abincinsa cif. Zoɓo da kunun da aka cika wa suga ma haka suke. Ka tunatar da iyaye batun barci, domin yaron da ya raba dare yana kallon waya yakan tashi da ƙarin yunwa. Kai kuma a makaranta ka bar su su yi guje-guje da langa, hukumar ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum.