Amsar tambayarki kan ƙaninki da maganar rufin asiri

Wa'alaikumussalam 'yata. Saƙonki ya shigo tun da asuba amma ban amsa ba sai yanzu, ba share ki nayi ba, sai da na kira Baffanku ƙarami na nemi izininshi tukun dan abinda zan faɗa miki labarinshi ne ba nawa ba. Yayi shiru a wayar har na ɗauka layin ne ya katse, can ya ce Yaya faɗa mata duka, kar a yiwa yaron nan abinda aka min. Toh ki samu waje ki zauna dan maganar da tsawo.

Kince ƙaninki ya kai wata biyu baya barcin kirki, ya daina zuwa makaranta, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana binshi ana sauraron wayarshi har ya toshe tagar ɗakinshi da bargo, kuma Babanku ya ce kar kowa ya ji, a kulle shi a ɗakin baya a cigaba da addu'a da ruƙiya, wai haka al'adar gidanmu take tun kaka da kakanni, ba'a kai irin wannan asibiti dan kar a ce gidan da hauka ku 'yan matan ku rasa mijin aure. Shine kike tambaya wai da gaske al'ada ce, kuma in kin buɗe baki kin yi rashin kunya?

Eh da gaske anyi haka a gidanmu, da idona na gani kuma da hannuna na taya. Kinsan ɗingishin nan da Baffanku yake yi da ake ce muku daga bishiya ya faɗo yana yaro? Ba faɗuwa bace, mari ne, ƙarfen nan da ake ɗaure ƙafa dashi. Yana shekara 21 abin ya fara mishi kusan yadda kika kwatanta na ƙaninki, aka kai shi ɗakin ƙarshe aka sa mishi mari a ƙafar hagu aka haɗa da turu. Ni ce mai kai mishi abinci da gyara ɗakin. Ƙarfen nan ya ci naman ƙafar har wajen ya zama gyambo, kullum sai na cusa tsumma tsakanin ƙarfen da fata, washegari in tarar ya jiƙe sharkaf ya manne sai na zuba ruwan ɗumi kafin ya fita. Mukullin kuma a bakin zanin Kakarku yake ɗaure, Allah ya jiƙanta, da daddare in gida yayi tsit sai ta je ta zauna a ƙasa ta jingina kanta da ƙyauren tana mishi magana ƙasa-ƙasa, shi yana ciki ita tana waje har a kira assalatu. Shekara huɗu ana haka. In baƙo ya tambaye shi sai a ce yayi tafiya.

Kar ki ɗauka mugunta ce tasa iyayenmu suka yi haka. Tsoro ne, sun ga yadda ake yiwa mai taɓin hankali in ya fita titi, yara na binshi da jifa da waƙa, wani ya ɓace ba'a ƙara jin ɗuriyarshi ba. A ganinsu gara ya zauna a gida a ɗaure da ya wulaƙanta a waje, manufar rufin asirin kenan tun asali, a kare mutuncin mara lafiyan. Abinda har yau yake cin raina shine maganin yana nan a lokacin, tun 1952 likitoci a Faransa suka fara amfani da maganin da ake kira Largactil wa masu irin wannan ciwon, mu ne dai labarin bai iso mana ba. Ranar da wata ma'aikaciyar jinya da ta zo gaisuwa ta ji ƙarar ƙarfen ta matsa sai an kai shi asibiti, cikin 'yan watanni Baffanku ya dawo yana gane mutane yana hira, daga baya ya koyi ɗinki, yayi aure, gashi da 'ya'yanshi kina ganinsu. Ƙafar ce dai bata dawo ba.

Kuma abin ma ba na gidanmu kaɗai bane balle a kira shi gadonmu. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2020 ta ce ta samu ana ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60, mutane masu yare daban addini daban, abinda ya haɗa su shine tsoro da rashin sanin inda za'a nufa. Ciwon shima ba baƙo bane, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wani nau'in matsalar ƙwaƙwalwa, yawanci damuwa da fargaba, irin mai tsananin nan da likitoci ke cewa sikizofireniya kuma kusan mutum ɗaya cikin 300. Kinga ba wani gida bane Allah ya ware ya tsinewa.

Addu'a kam a cigaba, ni ma tunda na karanta saƙonki nake mishi. Amma ki tuna Manzon Allah SAW ya yi umarni da neman magani, ya kuma sanar damu Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma wanda hankalinshi ya gushe an ɗauke mishi alƙalami har ya dawo hayyacinshi, toh wanda Allah da kanshi ya yiwa uzuri mu kuma akan me zamu hukunta shi da ɗauri? Musulmin da ma asibiti suke kai nasu, babban asibitin da aka gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Malamin da zai zo yayi karatu ya tofa ya tafi bismillah. Amma duk wanda ya ce sai an dake shi, ko a turnuƙe shi da hayaƙi a ɗaki a rufe, ko a hana shi abinci, ko a bar mishi shi a gidanshi a mari wai ana korar aljani, ki tsaya kai da fata ki ce a'a, jikin ƙaninki ne yake shan bulalar ba na kowa ba.

Ni ba likita bace, bazan ce miki ga sunan ciwonshi daga waya ba, kuma dalilin da yasa dole likita ya ganshi kenan. Akwai cututtukan jiki da suke zuwa da kamar hauka, zazzaɓi mai taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, farfaɗiya, ciwon maƙoƙo, buguwa a kai, sannan shaye-shaye kamar wiwi da ƙwayoyi, kowanne da maganinshi daban kuma wani in an yi jinkiri kisa yake. Ko da na ƙwaƙwalwar ne zalla, likitoci sun daɗe da lura cewa wanda aka fara yiwa magani da wuri yafi samun sauƙi akan wanda aka bari ya shekara da shekaru a haka. Wata biyu ne yanzu, dan Allah kar a bari ya zama shekara huɗu.

In zaku je ki samu ɗan littafi ki rubuta komai, yaushe abin ya fara, awa nawa yake barci, yana cin abinci ko baya ci, me yake faɗa, yayi zazzaɓi ko ya faɗi, me aka bashi ya sha har da na gargajiya, kar ki ɓoye komai dan kunya har da labarin Baffanku ki faɗawa likitan. Shi likita amana ce a wuyanshi baya fita da zancen mara lafiya, asirin ƙaninki yafi rufuwa a ofishinshi akan a ɗakin baya inda maƙwabta zasu dinga jin ihunshi ta katanga. Kuma ba kowa ake kwantarwa ba, da yawa magani ake basu su koma gida a sa musu ranar dawowa.

Kar ki ɗauka kai shi asibiti yana nufin kun sauke nauyi, rabin jinyar a hannunku take. Akwai wani likita Farfesa Thomas Adeoye Lambo, a 1954 a Aro kusa da Abeokuta ya fara wani tsari da duniya ta jinjina mishi, maimakon a kulle marasa lafiya sai ya sama musu masauki a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan uwanshi mai kula dashi, da rana su zo asibiti a basu magani da yamma su koma cikin jama'a. Mutumin nan har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya zama. Haka kuma masu bincike a Landan tun wajajen 1960 suka gano mara lafiyan da ya koma gidan da ake yawan kushe shi da faɗa da sa mishi ido fiye da kima ciwon yafi saurin dawo mishi akan wanda ya koma gidan da ake binshi a hankali. Ni shaida ce, duk ranar da Kakanku ya ɗaga murya akan Baffanku toh daren nan babu barci.

Dan haka in ya ce ana binshi kar ki ce ƙarya kake, kar ki yi dariya, kuma kar ki ce eh nima na gansu dan ki lallashe shi. A wajenshi abin gaske ne kamar yadda kike ganin tafin hannunki. Ki ce ni ban gansu ba amma na ga kana cikin tsoro, ina nan tare da kai. Magana gajera, murya ƙasa, mutum ɗaya yayi magana ba a taru a kanshi kamar ana shari'a ba. Ki dinga kiranshi da sunanshi, a ci abinci dashi, a bashi ɗan aikin da zai iya. A hana yaran gidan kiranshi mahaukaci ko da wasa.

Maganin kuma in faɗa miki tun yanzu dan mu a nan muka yi tuntuɓe. Da Baffanku ya fara sha sai jikinshi ya sandare, hannu na rawa, miyau na zuba, ga barci kamar me, sai aka ce ai maganin asibitin ne ya ƙarasa shi aka zubar, ba'a fi wata uku ba ciwon ya dawo sabo. Ashe komawa ya kamata muyi a rage yawanshi ko a canza ko a haɗa da wani mai sassauta jikin. Na biyu kuma in ya samu sauƙi kowa zai ce ai ya warke a daina, shi kanshi zai ce ya gaji, kar a daina sai likita ya ce. In shan ƙwaya kullum ya gagara ki tambaya akwai allurar da ake yi duk bayan 'yan makonni.

Abu ɗaya da bana so ki yi wasa dashi, in kika ji yana cewa gara ya mutu ko ya gaji da duniya ko muryoyin na ce mishi ya yiwa kanshi wani abu, ki tambaye shi kai tsaye, tambayar bata sa mutum ya aikata, sauƙi ma take kawo mishi ya samu mai ji. A kawar da maganin ƙwari da igiya da wuƙaƙe da tarin magunguna daga inda hannunshi zai kai, kar a barshi shi kaɗai, kuma ranar a tafi asibiti ko tsakar dare ne.

Ki sa ido akan Mamanku, nasan halinta bazata ce ta gaji ba har sai ta faɗi. Kakarku hawan jini ya kama ta a cikin shekarun nan bata ƙara lafiya sosai ba. Ku raba kwana, yau ke gobe yayanku, ta samu ta runtsa. In ta fara cewa laifinta ne ko wani abu ta yi ba daidai ba a tarbiyya ki ce mata ba haka bane. Ke ma 'yata ki samu mutum ɗaya mai riƙe amana da zaki dinga saukewa abinda ke ranki, ni ina nan ko ƙarfe nawa ne, kar ki ajiye karatunki da rayuwarki gaba ɗaya.

Maganar aure da Babanku yake tsoro, ban raina tsoronshi ba, uba ne mai 'ya'ya mata kuma mutane da baki. Gaskiya ne irin ciwon nan yana ɗan bin jini amma ba yadda ake zuzutawa ba, ko a mai tsananin ma cikin 'yan uwan mara lafiya goma kusan tara basa taɓa kamuwa. Ba sai kun yi shela ba, ba kowa ne yake da haƙƙin sani ba, mai tsegumi a ce mishi bashi da lafiya yana shan magani shikenan. Amma ranar da shi ƙaninki zai nemi aure a faɗawa yarinyar da iyayenta gaskiya, haka muka yi a na Baffanku, matarshi ta sani ta amince kuma ita ce take tuna mishi ranar komawa asibiti har yau.

Baki yi rashin kunya ba da kika tambaya. Amma kar ki tunkari Babanku a gaban mutane ko ki ce mishi jahilci ne, a gaban idonshi aka ɗaure ƙaninshi, abinda ya gani kenan ya riƙe, kuma na san cikinshi a tsorace yake. Ki bar min shi, zan kira shi bayan isha'i, Baffanku ma ya ce zai zo da kanshi jibi ya zauna dashi ya kuma ga yaron, ya ce shi zai raka su asibitin. Kafin nan ki tabbata ba'a sa kwaɗo a ƙofar nan ba, ki fara rubutun da na ce miki yau ɗin nan, in dare yayi ki turo min ya ya wuni, ya ci abinci ko bai ci ba.