Ni na tura musu kuɗin, Malama, ga yadda muka ƙare

Wa'alaikumus salam Malama. Wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru, don tsohon miki kika fama min. Kin ce amai da gudawa ya ɓarke a unguwannin bayan makarantarku, ofishin tsofaffin ɗalibai ya rubuto ku tara gudummawa ku zuba a asusun jami'a, ke kuma sabuwar sakatariya ce, kin rasa ku tura ko ku yi da kanku. To ni na tura. Ni ne ma'ajin 'yan ajinmu a 2020, lokacin korona.

Kin san yadda shekarar nan ta zo. An rufe makarantu a Maris, ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aikin da ba a janye ba sai 23 ga Disamba, azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu muna cikin kulle. Nan Kano kullum sanarwar rasuwa, dattawa da malaman jami'a, har mutum ya koma tsoron buɗe WhatsApp bayan asuba. Mu waɗanda suka tsaya mana a rai su ne masu cin abinci a jikin ɗalibai: masu shara da ke ƙarƙashin ɗan kwangila, mai shayin bakin ƙofa, masu fotokwafi, matan da ke wankau, masu gadin hostel. Ɗalibi ya tafi gida, tukunyarsu ta sauka.

Muka yi karo-karo. Na Saudiyya da na Ingila suka turo, wani abokinmu malamin firamare ya turo naira 2,000 ya ce iyakar abin da ke hannunsa ke nan. Matsalar ita ce ni ina Kano, makarantar tana wata jiha, kuma an hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Ana cikin haka wani jami'i a ofishin tsofaffin ɗalibai na jami'armu ya kira ni. Baki kamar zuma, "ranka ya daɗe ma'aji" kowane numfashi. Ya ce suna da mota, suna da takardar izinin fita, jerin mabuƙata ma yana kan teburinsa. Na tura kaf. Ban ce a nuna min jerin ba, kuma nan na yi wauta.

Bayan kamar kwana goma sai ga hotuna a Facebook. An yi dalar buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, an rataya ƙyalle mai tambarin jami'a, shi kuma a tsakiya cikin babbar riga, takunkumi a ƙasan haɓa, yana miƙa wa wani mutum jarkar mai yana kallon mai hoto. Ko sunan ajinmu babu. Na ce ba komai, don Allah muka yi. Ƙarya nake, ya yi min ciwo. Amma ba shi ne abin ba. Ashe jerin nasa daga takardar albashi ya kwafo, wato ma'aikatan dindindin. Duk wanda ba ya cikin takardar nan, babu shi a rabo.

Baba mai gadin hostel ɗinmu ba ya ciki. Dattijon da in mun dawo karatun dare ƙarfe biyu zai tashi daga tabarmarsa ya buɗe mana, ya yi ɗan faɗansa, ya koma. Ni da bakina na aika masa ta wayar mai shayi cewa ya je ranar rabo, da sunansa. Ya tako da ƙafa, da azumi a bakinsa, da tsohon buhu naɗe a hammata. Tun hantsi yake bakin ƙofa har la'asar, aka ce masa sunansa bai fito ba. Da daddare ya sake aron wayar ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, ba komai, rabona ne bai tsaga ba. Na kira ne kada ka ɗauka na karɓa ban yi godiya ba." Malama, ranar ban iya cin abincin buɗa-baki ba.

Shi kuwa mutumin, waya ta daina shiga. In ta shiga yana mitin. Da ƙyar ya turo hoton wata takarda da aka rubuta da biro, ba hatimi ba sa hannu, wai rasit ke nan. A gurufinmu aka fara jifa da magana, har wani ya rubuta cewa ma'aji zai yi Sallah mai kyau bana. Ni da na cika da kuɗin aljihuna. Kuma ki ji rashin ta ido, har yau mutumin nan yana turo min saƙon barka da Juma'a, da furanni. Ban taɓa amsawa ba, na kuma kasa toshe shi, ban san me nake jira ba.

Ba cewa nake ku juya wa jami'a baya ba. Tana da abin da ku ba ku da shi. A waccan shekarar Jami'ar Bayero da ABU Zariya duk sun buɗe ɗakunan gwajin korona, wannan ba aikin da karo-karon guruf zai yi ba ne. Mu ma a zagaye na biyu da muka yi hankali, wata 'yar ajinmu da ke koyarwa a sashen haɗa sinadarai muka nema kai tsaye. Mu muka sayi kaya, ita da masu kula da ɗakin gwaji suka haɗa man tsaftace hannu bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ko sisi bai bi ta ofis ba, kuma aka raba a masallatai da ɗakin shan magani na unguwa.

Don haka ku nemi malamai a sashen lafiyar al'umma, ku ce su gaya muku me ake buƙata. Amai da gudawa ba shinkafa yake nema ba tukuna, ruwa mai tsafta yake nema, da kulorin na rijiya da randa, da sabulu, da ƙullin gishiri da sukari. Ko a gida ana haɗawa, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta dafaffen ruwa, a riƙa ba mara lafiya ana hanyar asibiti. Ku sayi kayan da kanku. Motar makaranta ku are ta, ku zuba mai. Jerin sunaye kuma mai unguwa da limami da shugabar masu shara su rubuta, ki riƙe shi a hannunki, mutum biyu naku su tsaya a wurin rabo. Kada kuɗi ya shiga asusunki na kanki ko na minti ɗaya, ku buɗe na ƙungiya mai sa hannun mutum uku, duk alat ɗin da ya shigo ki watsa a guruf a ranar. Ki yarda su rataya ƙyallensu in suna so, hoto ba ya rage buhu.

Abin da ke ba ni haushi ma, ofisoshin nan ba sa tuna muna raye sai za a yi bikin yaye ɗalibai ko an shiga matsi. Ka nemi takardar sakamakonka ka yi wata da watanni kana bi, amma ranar neman gudummawa lambarka tana nan tsaf. Ki yi haƙuri, na kauce.

Da aka buɗe hanyoyi ranar 1 ga Yuli na ɗauki shinkafa da turmin yadi na tafi neman Baba. Aka ce tun bayan Ƙaramar Sallah ɗansa ya zo ya tafi da shi ƙauye, mai shayin ma bai riƙe sunan garin ba. In akwai wanda ya zauna a tsohon hostel ɗin maza tare da mu a nan, ya kuma san garinsu, don Allah ya yi min magana ta gefe.