Birki, taya ko sarƙa: wanne zan fara gyarawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Ni ɗan acaɓa ne a yankin Funtuwa, Boxer nake ja, na wani bawan Allah ne, ina kai masa balas kullum. Tayar baya ta suɗe har zare ya fara leƙowa. Sarƙa tana yawan faɗuwa ko da an ɗaure ta. Birkin baya sai na taka shi har ƙasa, kuma yana ƙara kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe. Na gaba dama ba na taɓa shi. Mai babur ya ce kuɗin gyara ɗaya zai iya bayarwa a wannan watan. Wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da birki, yau ɗin nan, don shi ne mafi arha a cikin ukun, ko daga aljihunka za ka iya. Kuɗin mai babur kuma ya tafi kan taya. Amma gaskiya ɗaya ce, babur ɗin da ka siffanta bai kamata ya ɗauki fasinja ba sai an taɓa duka ukun.

Ƙarar da kake ji alama ce fatar birkin ta cinye, ƙarfen da take manne a kai ya fara cin cikin kwanon wili. Kowace rana ka ƙara a haka, kwanon yana samun tsagi, sabuwar fata ma ba za ta kama shi sosai ba. Ka duba hannun ƙarfen da sandar birki take ja a jikin wilin baya. A yawancin babura akwai ɗan kibiya a wurin da kuma alama a jikin murfin. Idan ka taka birki kibiyar ta kai alamar, fata ta ƙare, ƙara ɗaure noti ba zai haifar da komai ba.

A nan ne wasu abokan sana'armu suke cutar da ku da sunan taimako. Idan noti ya kai ƙarshen zare, sai a cire hannun birkin a matsar da shi haƙori ɗaya, ko a yanko gwangwanin madara a liƙa a bakin fatar don ta ƙara buɗewa. Birki zai dawo kamar sabo na kwana biyu. Matsalar ita ce ɗan ƙarfen da ke buɗa fatar biyu yana juyawa fiye da ƙa'ida, wata rana sai ya tsaya a tsaye ya ƙi komawa. Taya ta ƙulle kana cikin gudu. An taɓa kawo mini babur da wannan ta faru da shi, mai shi da fatar gwiwa a saɓule, na buɗe wili na tarar da gwangwani ninki uku a ciki.

Maganar cewa ba ka taɓa birkin gaba kuwa, ita ta fi tayar mini da hankali. Na san abin da ake faɗa a tasha, wai yana kayar da mutum. Damƙe shi farat ɗaya ne yake kayarwa, musamman a kwana ko a kan yashi. Amma idan babur zai tsaya, nauyi gaba yake komawa, don haka kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake. Wanda ya bar shi ya zubar da fiye da rabin birkinsa, kuma shi ya sa na baya yake saurin cinyewa. A gyara wayarsa, a sa mata mai, ka samu fili ka koyi matsa shi sannu a hankali tare da na baya.

Sai taya. Zanen da ke jikinta ba ado ba ne, hanyar ruwa ce. Da rani tayar da ta suɗe tana iya yaudararka, tana tafiya lafiya a busasshiyar kwalta. Ruwan farko na damina, lokacin da ƙura da mai suka haɗu suka yi santsi, shi ne yake tona mata asiri. Taya mai zare a waje kuma ta wuce maganar santsi, ƙaramar ƙusa ko zafin kwalta na Afrilu ya isa ya fasa ta. Ka duba gefenta za ka ga ɗan alama mai kusurwa uku ko haruffan TWI. Daidai wurin akwai ɗan tudu a cikin tsagin zanen. Da zarar saman taya ya yi daidai da shi, ta gama aiki. Idan za ka sayi sabuwa, nemi lambobi huɗu a gefenta: 2324, misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2024. Wadda ta haura shekara biyar a ajiye, ko ta fara tsattsagewa, bar musu kayansu. Ka kuma hana mai faci ya riƙa auna iska da ɗan yatsa. A ma'aunin iska (PSI), irin baburanku 25 ne a gaba, 28 a baya, 32 a baya idan da fasinja.

Sarƙa ita ce zan bari ta ƙarshe, da sharaɗi. Ka kama ta a bayan babban farantin haƙoran da ke wilin baya, wato siroket, ka ja ta baya. Idan ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ta miƙe. Dubi haƙoran su ma: masu lafiya bakinsu a daƙushe yake, waɗanda suka cinye sun yi tsini sun karkace kamar ƙaya. Ka buɗe murfi ka ga ƙaramin na gaba, don shi yana juyawa kusan sau uku kafin na baya ya yi ɗaya, kuma ba mai leƙa shi. Yanke gaɓa ɗaya daga sarƙa don ta ɗame ba gyara ba ne, gaɓoɓin da suka rage suna nan a sake. Sabuwar sarƙa a kan tsoffin haƙora kuma asara ce, cikin 'yan makonni za su lalata ta. Sarƙa da faranti biyun tare ake canza su. Haɗarin sarƙar shi ne ta faɗo ta maƙale tsakanin faranti da ƙarfen wili ta ƙulle tayar baya, ko ta tsinke ta fasa kaskon inji.

Kafin kuɗinta ya samu, a wanke ta da kananzir, a sa mata man giya mai kauri, a maimaita duk bayan kilomita 500 ko bayan ka shiga ruwa. Kada a sa mata ƙonannen baƙin man da ake tsiyayowa daga inji, cike yake da garin ƙarfe. Kada a ɗaure ta tamau, a bar mata wasa na santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, a auna a inda ta fi ɗamewa. Ɗan makullin da ke haɗa bakinta kuma, rufaffen gefensa ne zai kalli inda sarƙa take tafiya. Ka rage lodi da fizga. Idan ta sake faɗuwa bayan wannan, ajiye babur.

Shi kuma maigidan naka, kada ka tsaya yi masa bayani ta waya. Tura babur ɗin har ƙofar gidansa, ka kama hannunsa ka ɗora a kan zaren tayar, sannan ka roƙe shi a cire kuɗin sarƙa daga balas kaɗan-kaɗan na sati biyu ko uku.