Tambayar Masu Karatu: Me Ya Sa Doka Ke Kare Ƙwaron Ganye a Kan Dutse?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji cewa a Birtaniya akwai wani ƙwaron ganye da doka ta hana a kama shi, alhali mu nan bakin Gulbin Maradi ƙwari irinsa ne ke huda mana ganyen kuɓewa da yakuwa har sai mun yi feshi. Wane irin ƙwaro ne wannan, kuma me ya sa ake wahalar kare shi? Daga wani mai lambu, unguwar Bagalam, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma ƙwarin da ke huda maka kuɓewa dangi ɗaya suke da shi, dangin da masana ke kira Chrysomelidae, wanda ya ƙunshi nau'i fiye da 35,000. Sai dai rayuwarsu ta sha bamban.

Sunan ƙwaron Chrysolina cerealis. Tsawonsa bai wuce milimita 10 ba, kuma bayansa na da zane-zane masu ƙyalli, ja da kore da shuɗi da ruwan zinariya. Ana samunsa a wasu ƙasashen Turai, amma a Birtaniya ya tsaya ne a tsaunin Snowdon da kewayensa a yankin Wales, tsaunin da tsayinsa ya kai mita 1,085. Abincinsa tayim ɗin daji ne, ɗan'uwan wanda ake sa wa a miya, kuma yana fakewa a ƙarƙashin duwatsu. Dokar kare namun daji ta 1981 ce ta hana kama shi ko kashe shi.

Ƙwarin lambunka suna da yawa, suna samun abinci a kusan kowace gona, idan ka yi feshi kuma wasu za su dawo daga gonar maƙwabci. Na dutse kuwa ya dogara ne da tsiro ɗaya da wuri mai sanyi ɗaya, saboda haka idan zafi ya ƙaru ba shi da mafita illa ya hau sama, kuma kan dutse yana da iyaka. A Amurka, masu bincike irin su Nathan Rank da Elizabeth Dahlhoff sun daɗe suna nazarin wani ɗan'uwansa, Chrysomela aeneicollis, a tsaunukan Sierra Nevada na Kalifoniya. Wannan ƙwaro yana cin ganyen bishiyar willow (wata bishiya mai son bakin ruwa), tsutsarsa kuma tana sarrafa wani sinadari na ganyen ta mayar da shi kariya daga maƙiya. Lokacin hunturu yana kwanciya a ƙasa, dusar ƙanƙara ta lulluɓe shi kamar bargo; shekarar da dusar ta yi ƙaranci, sanyi mai tsanani na iya riskarsa kai tsaye.

Ni a ganina, hana kama ƙwaron Snowdon shi ne ɓangare mafi sauƙi na aikin. Abin da ke da wuya shi ne kiyaye wurin, domin kiwon tumaki da ya wuce kima yana cinye tayim ɗin, rashin kiwo gaba ɗaya kuma yana barin doguwar ciyawa ta danne shi, dole a daidaita tsakani. Mu ma muna da wuraren da suka cancanci irin wannan kulawa, musamman tsaunukan Ayar, inda dutsen Idoukal-n-Taghès a Bagzan ya kai mita 2,022, kuma UNESCO ta sanya gandun Ayar da Tenere cikin kayan gadon duniya a 1991. Game da lambunka kuwa, ka nemi shawarar malaman gona kan maganin da ya dace da lokacin feshi, domin ka rage ɓarna ga ƙudan zuma da sauran ƙwarin da ke amfanar furannin kuɓewarka.