Tambaya da Amsa: Maigidana zai canza kamfani a Ingila, shekarunsa za su zube?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni a Gangare nake nan Jos da yara uku. Maigidana ya tafi Ingila tun 2023 da bizar aikin kula da tsofaffi, to yanzu kamfanin da ya ɗauki nauyinsa sun fara masa wasa da hankali, awannin da aka rubuta a takarda ba su ake ba shi ba, wani satin kwana biyu kawai zai fita aiki, ga haya ga mu nan muna jira. Ya samu wani kamfanin da zai ɗauke shi amma abokansa suna ta tsorata shi wai in ya canza duk shekarun da ya yi sun tashi a banza, sai ya faro lissafi kafin ya samu takardar zaman dindindin. Ni dai na ce ya ajiye musu aikinsu ya huta da wulaƙanci. Don Allah ya abin yake?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya kawo sauƙi. Maganar abokansa ba haka take ba. Shekara 5 ɗin da ake ƙirgawa kafin a nemi zaman dindindin, wato ILR, na zama ne a kan bizar aiki ba tare da ta yanke ba, ba na zama a kamfani ɗaya ba. Ko wuri uku ya canza lissafinsa na tafiya.

Amma shawararki ce ta fi tayar min da hankali wallahi. Kar ya kuskura ya ajiye aikin nan yanzu, sakin reshe kama ganye kenan. Bizarsa a ɗaure take da kamfanin da ya kawo shi, in ya bar aiki dole su sanar da ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, su kuma yawanci sai su rage masa bizar zuwa kwana 60, in bai samu wani mai ɗaukar nauyi ba a ciki sai dai ya haɗa kayansa. Kwana 60 kuwa ga mai neman aiki kamar yau ne.

Ga yadda ake yi. Sabon kamfanin ya fara ba shi takardar ɗaukar nauyi wadda suke kira CoS, da lambarta zai cike fom na sabunta biza ta intanet, ana iya nema tun wata 3 kafin ranar fara sabon aikin, shi kuma yana nan yana zuwa tsohon aikinsa kamar ba komai har amsa ta fito, sannan ya koma. Kar sabon oga ya ce masa zo ka fara kawai takarda na hanya. Kuma muddin ana jiran amsa kar ya ce zai leƙo ku Sallah, fita daga ƙasar na sa a ɗauka ya janye takardar nemansa.

Kafin ma a kai nan ya shiga shafin gwamnatin Birtaniya, wato gov.uk, ya duba jerin kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar nauyi, in babu sunansu a ciki magana ta ƙare. Duk ejan ɗin da ya ce a kawo fam dubu kaza zai samo CoS ya guje shi, doka ta hana kamfani ɗora wa ma'aikaci kuɗin takardar nan, kuma mutanenmu da yawa sun sayar da fili sun biya, sun je sun tarar babu aikin ma.

Wannan rage awannin da ake masa ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ya sa ni ina ganin gara ya canza. Ranar neman ILR sai kamfani ya rubuta cewa har yanzu suna buƙatarsa kuma suna biyansa albashin da doka ta gindaya. Wanda ke ba shi aikin kwana biyu a sati ya zai rubuta wannan? Ya adana takardun albashinsa na kowane wata da duk saƙon da suka turo na soke masa aiki, ko na WhatsApp ne. Kafin a ba shi ILR ɗin kuma sai ya ci jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya, sannan kar ya wuce kwana 180 a wajen Birtaniya cikin kowane wata 12.

Wani abu da ya shafe ki kai tsaye, daga 11 ga Maris 2024 an hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi kai iyali, amma waɗanda suka riga suka shiga kafin ranar irin maigidanki ba su ciki, ko sun canza kamfani. A watan Yulin 2025 kuma an rufe ɗauko sababbi daga waje gaba ɗaya, kin ga in ya bari bizar nan ta mutu ya dawo Jos, ƙofar da ya bi ya shiga ba ta nan.

Na ƙarshe, a watan Mayun 2025 gwamnatinsu ta fito da shirin mayar da shekara 5 ɗin nan zuwa 10, don haka kafin ya tura komai ya karanta abin da ke gov.uk a ranar, ko ya ga lauyan shige da fice mai rajista, ba lauyoyin guruf ɗin WhatsApp ba.