Za ka buɗe situdiyo a gida? Ka manta da miksa tukuna

Ƙanena, ka ce kana da kwamfutar hannu da ɗan kuɗi kaɗan, kana tambaya ko miksa da manyan lasifika za ka fara saye. A'a. Miksa ta masu biki ce, FL Studio, manhajar haɗa waƙa da ke cikin kwamfutarka, yana yin aikinta.

Abin da za ka fara nema shi ne katin sauti na waje, wato na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta, kamar Focusrite Scarlett 2i2. Ƙofa biyu gare shi na jona makirufo, kuma ta USB yake shan wuta daga kwamfuta, don haka ko an ɗauke wuta kana ci gaba da aiki har batir ya ƙare. A Damagaram wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai makirufo. Irin su AT2020 suna buƙatar wutar 48V daga katin, kuma kunnensu ya cika kaifi. Ni ranar farko da na ɗauki murya da irinsa, har kukan akuyar maƙwabta da ƙarar fanka sun shiga waƙar. In ɗakinka na bakin titi ne, Shure SM58 ya fi maka, ba ya kwaso hayaniyar nesa sosai. Amma jabunsa ya cika kasuwa, ko a nan ko a Kano za ka saya, sa a jona maka shi ka yi magana kafin ka biya.

Lasifika su jira, hedifon mai rufe kunne ya isa yanzu. Rataya barguna a bango don rage amsa kuwwa. Da hunturu kuma, kana gamawa ka mayar da makirufon cikin jakarsa saboda ƙura.