Filin Tambaya da Amsa: An Ba Ni Tsohon Dokin Sukuwa, Ya Ƙi Sabawa da Ni

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni malamin firamare ne a Jega. Kawuna ya daɗe yana harkar dawakin sukuwa, kuma kwanakin baya ya ba ni kyautar wani akawali mai shekara 9. Ya yi gudu a Sakkwato da Kano da Bida, sai jijiyar ƙafarsa ta gaba ta kumbura aka ce ya gama. Na kafa masa turke a bayan gida, ina ba shi gero da dusa kamar yadda ya saba. To Baba, dokin nan ya ƙi ni. In na matso sai ya kwantar da kunne. Ya ciji yaron da ke masa shara, yana gwaguyar turke, ga shi yana ramewa duk da hatsin. Ranar da na hau shi, ban gama zama ba ya zabura, ina jan linzami yana ƙara wuta, da ƙyar na tsira a gonar mutane. Wasu sun ce in sa masa linzami mai kaifi, wasu sun ce in hore shi da yunwa, gwaggona ta ce iska ce a yi masa hayaƙi. Ni kuwa burina in hau shi da Sallar layya, saura wata 2. Yaya zan yi?

Daga mai karatu a Jega, Jihar Kebbi

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya saka wa kawu da alheri, ba kowa ke kyautar doki ba. Amma bari in fara da wadda ba za ta yi maka daɗi ba: hawan Sallar bana ba da wannan akawalin ba. Ka cire shi a ranka tun yanzu.

Ka gaishe mini da gwaggo, ka ce mata dokin ba shi da iska. Duk abin da ka lissafa na sha ganinsa lokacin da nake aikin malamin dabbobi tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, kuma kusan kullum abu biyu ke kawo shi: aikin da aka koya wa doki tun yana dukushi, da ciwon da yake fama da shi ba bakin faɗa.

Ɗauki maganar linzami. Kai a saninka, jan linzami na nufin tsaya. A fagen sukuwa mahayi kan tattara linzami ya riƙe tamau, ya duƙa bisa wuya, doki ya jingina bakinsa a ƙarfen ya zuba gudu. Sai an kai ƙarshe ake sassauta masa, a nan yake gane aiki ya ƙare. Ranar nan da kake ta ja iya ƙarfinka, shi ji yake kana cewa a ƙara. Haka ma zaburar da ya yi kafin ka zauna. Yaran da ke hawan sukuwa ba su da nauyi, cilla su ake yi bisa doki yana cikin tafiya. Ba wanda ya taɓa koya masa tsayuwa cik har babban mutum ya tattara riga ya lalubo likkafa ta biyu. Masu ce maka ka sa masa linzaminmu na gargajiya mai zobe kuwa, ba su za su hau ba. Doki mai zafin jini da bai saba da shi ba, in ƙarfen ya soki ganɗarsa miƙewa yake tsaye, wani lokaci ya kifo ta baya bisa mahayi. Horo da yunwa zalunci ne, kuma shi zai ƙara tsananta abin da nake zargi.

Cikinsa nake zargi. Tumbin doki ƙarami ne bisa girman jikinsa, cin lita 8 zuwa 15 ne, kuma dare da rana yana fitar da ruwa mai tsami, da abinci ko babu. Allah ya halicce shi ya yini yana tsinkar ciyawa, har awa 16 a rana, yawun taunar nan ke rage kaifin tsamin. Dokin sukuwa kuwa hatsi ake ɗura masa, ciyawa kaɗan. Likitocin dawaki a ƙasashen waje sun leƙa cikin dawakin da ke kan horon tsere da na'ura, suka tarar cikin 10, 8 ko 9 na da gyambon ciki. Alamun su ne waɗanda ka zana: rama duk da ci, gwaguyar itace, baƙin rai, kai cizo in an taɓa ciki ko an ja majayi. Ka tambayi yaron nan, ranar da aka cije shi ba ta wajen haƙarƙari ya raɓa ba?

Saboda haka ka rage hatsin, amma a hankali, cikin kwana 10 zuwa 14. Canjin abinci farat ɗaya na kawo murɗar ciki, doki kuwa ba ya amai, shi ya sa ciwon ciki ke saurin kayar da shi. Ciyawa ce za ta zama abincinsa. Doki mai kilo 350 na buƙatar wajen kilo 7 na busasshiyar ciyawa a yini, kuma kada gabansa ya zauna babu abin tauna. Harƙiya, kyasuwar da ba ta tsufa ba, harawar wake ko ta gyaɗa, duk sun yi. Ka dai riƙa shinshina harawar, in ta yi fumfuna ko kyauta ce kada ka karɓa. Ruwa ya zauna a gabansa, don yakan sha lita 25 zuwa 50, a zafin Maris da Afrilu na ƙasar Kabi ma ya zarce haka. Gishiri kaɗan, kanwa kaɗan. Kuma kada abincin kajin gidan gona ya kusanci bakinsa. Wani akan haɗa shi da maganin da kaza ke ci lafiya lau, doki ya ci kaɗan ya lalata masa zuciya.

Ka kira likitan dabbobi ya duba shi daga haƙori har kofato. Akwai maganin gyambon ciki da ake ba doki na kusan kwana 28, shi zai rubuta. Ya ba shi na tsutsa, ya duba kaska, ya goge haƙoran da suka yi tsini. In ƙafar ta fi ƙarfin na kusa, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato bai yi maka nisa ba. Ka kuma tambayi kawu cikin ladabi irin alluran da ake masa lokacin gudu, don maganin kashe zafi kan ɓoye ɗingishi, wani kuma yana cin tumbi. Jijiyar bayan ƙwauri in ta yage takan ɗauki wata 9 zuwa shekara kafin ta haɗe, kuma ba ta komawa kamar da. Kada a sake ɗaure shi a turke ta wannan ƙafar. Ni ne kai, da na kewaye masa ɗan fili da itace, na kafa rumfa, na zuba yashi, ya samu inda zai juya ya yi birgima. Daga barga mai cike da 'yan'uwansa ya fito, yanzu shi kaɗai sai bango. Ko jaki ko akuya ka ajiye inda zai riƙa gani.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Na lura yaro ke shara, ina jin kuma shi ke kawo ruwa da ciyawa. Kai sai dai ka ɓullo da sirdi a kafaɗa. To da me dokin zai san ka? Zuwa da kai ya fi aike. Daga yau kai ne ɗan barga, kuma lokutan salla su zama agogonku. Ka sauko daga Asuba, ruwa da ciyawa. Ka taso daga makaranta, ka sake leƙa shi. Bayan La'asar, shara da goge jiki. Doki asalinsa dabba ce da ake farauta a daji, abin da ke kwantar masa da hankali shi ne ya san abin da zai faru kafin ya faru: mutum ɗaya, murya ɗaya, lokaci ɗaya.

Makon farko kada ka nemi komai a wurinsa. Ɗauko kujera da littattafan yaran da za ka yi wa maki, ka zauna inda yake ganinka amma haƙori da kofato ba su kai ba. Kada ka zuba masa ido. Son sani zai kawo shi da kansa. Ranar da ya miƙo wuya ya shinshina ka, kada ka yi wuf ka kai hannu goshi, nan ne kowa ke ɓata lamarin. Idanunsa a gefe suke, yana ganin kusan duk kewayensa, amma ba ya ganin daidai gaban goshinsa da daidai bayan wutsiyarsa. Hannun da ya fito daga inda ba ya gani, firgita shi yake. Ka zo ta kafaɗa, ka yi magana tun kafin ka iso. Ka sosa masa inda geza ta ƙare baya ya fara, wurin da dawaki ke sosa wa juna da haƙori. In ka ga ya miƙa wuya leɓensa na sama na rawa, ka samu wurin.

Akwai ƙa'ida guda da duk horon doki ke kanta, kuma yawancin mutanenmu sun juya ta. Daga saki doki ke koyo. Ka ja ragama a hankali, da ya ɗaga ƙafa ɗaya ya biyo ka, ka saki nan take. Sakin nan ne ke gaya masa ya yi daidai. In ka ci gaba da ja bayan ya bi, ka koya masa cewa bin ba shi da amfani ke nan. In ya kawo cizo, tsawa ɗaya, ka ture kan a take, ka ci gaba da abin da kake yi kamar ba a yi ba. Bulalar da ta zo bayan an je an ɗauko ta, bai san ta mece ce ba. Abin da zai riƙe kawai shi ne mutumin nan na duka ba gaira ba dalili. Doki mai cizo kuma ba a ba shi dabino ko rake a tafin hannu, a kwano ake sa masa.

In likita ya amince da ƙafar, ka fara jansa da ragama kana ƙasa, minti 10 da yamma, kana ƙarawa. A nan za ka koya masa tsayawa da murya, ya saba da babur da mota da hayaniyar yara. Sannan sirdi ba hawa. Sannan ka kife turmi, ka hau kai, ka jingina cikinka a sirdi, ka sauka. In ya motsa, ka mayar da shi wurin a sake, ko sau nawa ne. Ranar da ka fara hawa, linzami mai laushi, ka ja ka saki, ka ja ka saki. In ya so zabura, ka karkato kansa da hannu ɗaya ya kewaya. Kilisarku ta zama da tsohon doki mai sanyi a gefe, ban da jerawa da samari.

Za ka gane ya fara yarda in kunnuwa suka saki, leɓen ƙasa ya yi lako-lako, ya ɗage ƙafar baya ɗaya yana hutawa kana tsaye kusa, ko ya yi 'yar haniniya ƙasa-ƙasa in ya ji takunka. Babbar shaida ita ce ya kwanta kana wurin. Doki na gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi sai a kwance, kuma ba ya kwanciya inda bai amince ba. Wani wata 3 ya isa, wani sai shekara.

Filin hawan Sallah kuwa, tambura ne da algaita da kakaki da bindiga, ga dawaki a jere sun taho jafi a guje. Tsohon ɗan dambe in ya ji kiɗa hannunsa ƙaiƙayi yake, ko da likita ya hana shi. Dokinka zai ɗauka an dawo fage, ga jijiyar da ba ta haɗe ba, ga yara cike da bakin hanya. Bana ka ari wani ko ka je kallo da ƙafa. Baɗi a duba, kuma ka sani akwai tsohon dokin sukuwar da iyakarsa kilisa. In an yi wata 6 cikin ya warke amma yana nan yana kai wa mutane hari, ku yi maganar fiɗiya da likita. Na san mutanenmu na ganin hawan fiɗiyayye kamar ragin daraja ne. Ni dai na fi ganin darajar kafaɗar yaron nan.

TAMBAYA

Baba Malam, maigidana ya kawo tsohon dokin tsere gida, ɗanmu mai shekara 10 ya nace sai ya hau. In bar shi?

Daga wata uwa a Ƙauran Namoda, Jihar Zamfara

AMSA

'Yata, kada ki bari tukuna. Rashin nauyin yaro shi ne irin wanda dokin ya saba ji ranar gudu, hannunsa kuma ba zai tsayar da shi ba. Ya fara da zuba ciyawa da ɗebo ruwa babansa na tsaye, a koya masa kada ya bi ta bayan doki, kada ya ratsa ƙarƙashin igiya. In dokin ya natsu, uban ya ɗora shi, shi yana riƙe da ragama a ƙasa. Ki kuma sa a janye igiyar shanya daga hanyar da ake fita da shi, zanin da iska ke kaɗawa ya isa ya zaburar da shi a tsakar gida.